ZAƘI-BANZA: DA KYAUTA MUKE CI, YAU DA LAFIYARMU MUKE BIYA

Jama'a, yau maganar ganye za mu yi. Kada wani ya taɓe baki ya ce ashe takarda ta yi wa mutanen nan yawa, har sun bar zancen manya sun koma na tukunya. Wanda bai taɓa kwana da yunwa ba shi ke raina zancen ganye. Mu da muka san ranar da kwano ɗaya na kwaɗo ya raba gida guda da kwanan yunwa, mun san zance ne babba.

Ganyen da muke nufi shi ne zaƙi-banza, ɗan'uwan alayyafo, wanda a wajen Katsina da Sakkwato ake kira rukuɓu. Galibi ba shuka shi ake yi ba, ba a yi masa noma, ba a ba shi taki. Ruwan fari na sauka sai ka gan shi ya fito a kan juji, a bayan gida, a cikin kango, a gindin katanga, a bakin kwata. Cikin mako uku ko huɗu ya isa tsinka. Tushe ɗaya yakan zubar da iri dubbai, shi ya sa ba ya ƙarewa, ko an nome shi bana baɗi yana nan. Yana da namiji mai ƙaya, shi ma in an bi shi a hankali ana ci. Tun 1916 wani likita Bature mai suna Dalziel ya sa sunansa cikin littafin da ya tara sunayen itatuwa da ciyayin ƙasar Hausa, amma kakanninmu ba su jira Bature ba, su suka raɗa masa suna. Ku dubi sunan kuwa: zaƙi ne da ake samu a banza, ba a ba da ko anini.

Shi da 'yan'uwansa, su tafasa da lalo da gasaya da yaɗiya, su ne rumbun wanda ba shi da rumbu. In marka ta yi, hatsin bara ya ƙare, na bana bai nuna ba, su ke riƙe da gida. A yunwar 1914 da ta 1927, da farin 1973, ganyen daji ya riƙe ran mutane masu yawa har Allah ya kawo sauƙi. Uwargida ta tsinko, ta dafa, ta matse, ta daka ƙuli-ƙuli da barkono da ɗan gishiri, ta yanka albasa, ga kwaɗo ya haɗu. Ko ta zuba a fate, ko ta cuɗa a dambu. Likitocin yau sun tabbatar da abin da tsofaffi suka sani, cewa ganyen nan yana ƙara jini, yana ƙarfafa ƙashi, yana gyara ido. An sa wa kan mutum haraji a ƙasar nan, an sa wa saniya jangali, an karɓi kuɗin rumfa da kuɗin tebur, amma ba sarki, ba hakimi, ba Bature da ya taɓa sa wa zaƙi-banza haraji. Shi kaɗai aka bar mana.

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, abinci ya yi tashin gwauron zabi, gidajen da suka manta da kwaɗo suka koma masa. A 2024 har afafata, shinkafar nan da a da kifi ake zuba wa, mutane sun saya sun dafa a cikin Kano. To, tun da ganye ya koma abincin dole, tilas mu yi tambaya guda: wane ruwa ganyen nan yake sha?

INDA RUWAN YA FITO

Manyan unguwannin kamfanoni na Kano su ne Bompai da Sharaɗa da Challawa. Bompai ce babba a shekaru, tun zamanin Turawa aka fara ta, sauran biyun suka biyo baya bayan samun mulkin kai. Nan aka kafa majemun zamani, da masaƙu, da kamfanonin roba, da na fenti, da na ƙarfe, da na sabulu. Kowane ɗaya cikinsu yana shan ruwa mai kyau, yana amayar da dagwalo. Dagwalon Bompai yana bin rafin Getsi, Getsi ta faɗa Jakara, Jakara ta kai shi madatsar Wasai ta wajen Minjibir, inda masunta ke kama kifi. Na Sharaɗa yana bin rafin Salanta har ya ƙare a kogin Challawa. Na Challawa kuwa ba ya ma wata tafiya, kogin yana bayan gida. A gangaren wannan kogi ne matatar ruwan Tamburawa take, wadda ke ba birni ruwan famfo.

Duk wanda ya tashi a ƙasar Kano ya san ƙaramin rafi ba ya kai watan Maris da ruwa. To, in ka ga rafi yana gudu da tsakiyar bazara, ka tambaye shi inda ya samo. Ku je ku gani da idonku, gani ya kori ji. Yau ruwan ja ne, gobe shuɗi, jibi baƙi ƙirin da kumfa a kai, ga wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Ruwa ba ya tsami banza. A bakin wannan ruwa 'yan lambu suka kafa injunansu, suna ba latas da kabeji da karas da alayyafo. A tsakanin fangalinsu, da gefen lambatu, da bayan katangar kamfani, nan zaƙi-banza ya fito da kansa, ya yi kore shar, ganye faffaɗa kamar tafin hannu. Nan yara mata ke zuwa da kwando.

Jima ba baƙuwa ba ce a Kano. Tun kafin Bature ya san hanyar garin nan majemanmu ke jeme fatar jar akuya da bagaruwa da toka, ayari ya keta Sahara da ita, Turawa suka saye ta a hannun mutanen Maroko, har suka riƙa kiranta fatar Maroko. Haka ƙasar da ta sha wahala ta rasa ko suna, amma wannan zancen wata rana ne. Majemar da tana da wari, babu mai musu, sai dai bagaruwa ɗan itace ce, in an zubar da ita ƙasa ta cinye ta. Majemar zamani ba ta jiran bagaruwa. Da wani gishirin ƙarfe take aiki wanda ake kira kurom, shi ke gama cikin kwana ɗaya abin da bagaruwa ke ɗaukar kwanaki, kuma da shi ake jeme mafi yawan fatar duniya. Amma fata ba ta shanye shi duka, kusan kashi ɗaya cikin uku yana bin ruwan wanki. Ga farar ƙasa, ga maganin tuge gashi wanda shi ke kawo warin ƙwan nan, ga gishiri buhu-buhu. Kafin a gama tan ɗaya na ɗanyar fata ana ɓata ruwa lita 15,000 zuwa 50,000. A jarkar 'yan garuwa mai lita 25, jarka 600 ke nan zuwa 2,000. Tan ɗaya fa muka ce.

Ba za mu ɗora wa majema abin da ba nata ba. Akwai wasu ƙarafa biyu da suka fi kurom sharri a cikin ganye, watau dalma da kadmiyam, su kuwa sun fi fitowa daga rini da fenti da tsofaffin batura da aikin ƙarfe da jujin da ake ƙonawa. Kurom ya fi maƙalewa a saiwa da cikin laka, sai wanda ya fantsama a kan ganye. Kadmiyam shi ne mai hawa, ya bi saiwa ya bi kara ya zauna a cikin ganyen kansa. Dangin alayyafo kuwa makwaɗaita ne, abin da ƙasa ta ba su shi suke tsotsa, ba sa zaɓe. Har a wasu ƙasashe masana suna gwada shuka su a gurɓatacciyar ƙasa don su tsotse dafin, sa'an nan a tuge su a kawar, ko akuya ba a ba. Kun ji fa. Abin da wasu suka mayar tsumman goge dafi, shi muke matsewa mu zuba wa ƙuli-ƙuli.

Abin takaici, ido ba ya gane shi. Dagwalon birni yana tafe da taki a cikinsa, saboda haka ganyen bakin kwata shi ya fi na gona kore, ya fi shi faɗi, ya fi shi shiga ido a kan tire. Ba ya ɗaci, ba ya wari. Wanki yana fitar da ƙura da lakar da ke bayansa, amma ba ya fitar da abin da ya shiga ciki. Wuta tana kashe ƙwayar cuta, amma ba ta kashe ƙarfe.

Akwai ma'aunin da ƙasashen duniya suka amince da shi na abinci, a ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Noma. Ya ce a kilo ɗaya na ganye kada dalma ta wuce miligiram 0.3, kada kadmiyam ya wuce 0.2. Mene ne miligiram? A kasa kilo ɗaya kashi miliyan, kashi ɗaya shi ne miligiram. Watau ko sulusin wannan ɗan kashi ba a yarda ya cika ba. Hukumar Lafiya ta ƙara da cewa babu wani gwargwadon dalma da za a ce ba shi da illa a jikin yaro. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwa, yaro ya tashi ba ya riƙe karatu, a yi ta dukansa ana ce masa daƙiƙi. Tana hana jini, tana shiga cikin mai juna biyu ta isa ga ɗan tayi. Kadmiyam yana taruwa a ƙoda, ya zauna shekara goma, ashirin, har talatin kafin rabinsa ya fita, yana cin ƙoda yana rarake ƙashi.

Wannan ba jita-jitar bakin kasuwa ba ce. Malaman Jami'ar Bayero da na Ahmadu Bello ta Zariya sun sha ɗibar ruwa da ƙasa da ganye a waɗannan wurare suna aunawa, sun sha samun ƙarafan nan fiye da ƙa'ida. Tun 2003 Malam Adamu Tanko na Jami'ar Bayero, shi da wasu malamai biyu daga Ingila, suka buga bincike a kan ruwa da ƙasa da lafiyar masu noman lambu a Kano da kewaye. An rubuta da Turanci, an ajiye a kan kanta, wasu sun sami digiri, wasu sun sami ƙarin girma. Malamai sun yi nasu. Amma wa ya taɓa zuwa bakin Getsi ya karanta wa mai tsinkar ganye abin da aka gano, da harshen da take ji?

Mun ga abin da dalma ke yi in ta zo da gaggawa. A 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara yara fiye da 400 suka mutu, saboda niƙa dutsen zinariya a cikin gida. Ranar nan duniya ta taru, gama an ga kaburbura a jere. Tamu ba ta jera kabari rana ɗaya, a hankali take ci, cokali-cokali, shi ya sa babu mai taruwa. Wadda ta fi kama da tamu ita ce ta Japan. Can wani kamfanin haƙar ma'adinai ya yi shekaru yana sakin kadmiyam a kogin Jinzu na lardin Toyama, manoma suna ba shinkafa ruwan, suna ci. Tsofaffin mata suka riƙa karyewa ko tari suka yi, har aka sa wa cutar suna itai-itai, watau wayyo-wayyo. Sai 1968 gwamnatinsu ta yarda ruwan ne. Manoma suka kai ƙara, suka ci nasara a 1971, aka ɗaukaka ƙara suka sake ci a 1972. Aka shiga kwashe ƙasar gonaki ana sake wata, ba a gama ba sai 2012. Shekara 40 ke nan, a ƙasar da ke da kuɗi.

AN BAR JAKI ANA DUKAN TAIKI

Duk lokacin da maganar nan ta taso, sai ka ji wani mai babbar riga ya hau rediyo yana cewa jahilci ne, a daina ban ruwa da ruwan kwata, mata su daina tsinkar ganye a juji. Madalla da wannan wa'azi. To, su koma ina? Ɗan lambun nan bai haƙa rafin ba, bai rina shi ba. Kakansa ya noma wannan fadama da jigo tun ruwanta yana fari. Filayen da zai koma an yanka su fuloti, an sayar wa masu hali. Buhun taki ya fi ƙarfinsa, man da zai ja ruwa daga nesa ya fi ƙarfinsa. Yana tsaye cikin dagwalon nan ƙafa ba takalmi tun asuba, shi ya fara sha kafin kowa, 'ya'yansa su ke cin ragowar abin da bai sayar ba. Ita kuwa mai tallan kwaɗo, jarinta bai kai kuɗin man motar mai wa'azin na yini ɗaya ba. Su ne za a ce su gyara?

Ku bari mu yi lissafi irin namu na kasuwa. Tace ruwa kuɗi yake ci: a haƙa tafki, a sayi inji, a sayi magani, a biya wuta, a biya ma'aikaci. Mai kamfanin da ya buɗe bututu ya saki ruwansa ɗanye ya huta da wannan kuɗi, ya shiga cikin ribarsa. Amma kuɗin bai ɓace ba, wuri ya sake. Ya koma kan mai sayen magani, da mai kwana a barandar asibiti, da uban da ɗansa ya kasa karatu, da masuncin da ya tarar da kifi ya taso ciki sama. Ɗan kasuwar da ya ci riba ya bar wa maƙwabcinsa biyan bashi, mun san sunansa a kasuwa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Za su ce mana kamfani shi ke ba 'ya'yanku aiki, ga shi da yawa sun rufe saboda rashin wuta da kayan waje, in kun matsa sauran ma su tafi. Mun ji, kuma mun san gaskiya ne Sharaɗa da Bompai cike suke da kangon kamfanoni. Ba mu ce a rufe ko ɗaya ba. Ƙannenmu ne ke ciki, mu ke sayar musu da abinci a bakin ƙofa, fatar ma a hannun 'yan'uwanmu ake saye. Amma tun yaushe ba mutum aiki ya zama izinin zuba wa uwarsa dafi a miya? Kuma ku lura da wannan: kamfani yana rufewa, mai shi ya kwashe injinsa ya koma wata ƙasa, ƙarfen da ya zuba yana nan kwance a laka, ba ya ruɓewa. Kamfanin da ya mutu shekara 20 da suka wuce, zaƙi-banzan da ya fito a bayan katangarsa bana yana iya tsotsar gadonsa. Wanda ya gina matata yana kunna ta dare da rana, wannan takarda ba da shi take ba, Allah ya ƙara masa kasuwa. Sai dai a gaya mana su nawa ne, kuma su nawa ne injinsu ba ya motsi sai ranar da baƙi za su zo.

DOKA TANA NAN A TAKARDA

Kada wani ya ce babu doka. A 1988 aka gano wasu 'yan Italiya sun jibge dubban durom na dafi a garin Koko, wanda yanzu yake Jihar Delta, suna biyan mai fili dala 100 a wata. Ƙasar nan ta tashi tsaye, aka kira jakadanmu gida, aka tilasta musu kwashe kayansu. A shekarar aka yi dokar da ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai zubar da irin wannan shara, aka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya. A 1991 aka yi ƙa'idar da ta ce kowace masana'anta ta kafa na'urar tace ruwanta kafin ta saki. A 2007 aka kafa hukumar NESREA, a 2009 aka yi wa masaƙu da majemu ƙa'idarsu ta musamman. Sashe na 20 na tsarin mulkin 1999 ya ce wajibin hukuma ne ta tsare ruwa da iska da ƙasa. Sai dai an ajiye wannan sashe a babin da talaka ba ya iya kai ƙara a kansa kai tsaye, kamar a ba ka akwati a riƙe makulli.

Ku dubi abin mamaki. Sa'ad da dafi ya zo daga Italiya a jirgin ruwa, mun yi fushi mun mayar musu. Yau fatar Kano ke tafiya Italiya da Sifen da Sin, a yi takalmi da jaka masu tsada, dafin jimarta ya zauna a Salanta, ba mai fushi. Har gwamnatin tarayya ta yi shekaru tana ba masu fitar da kaya waje tallafi, masu fata suna cikin manyan da suka amfana. Ba mu hana a ba su ba. Amma hannun da ya miƙa tallafi ya kasa cewa sai na ga ruwan da ke fita daga bututunka? Wanda ya ci ladan kuturu tilas ya yi masa aski, haka mai karɓar tallafi, haka mai karɓar albashin duba kamfanoni, haka mai karɓar ƙuri'a.

Kuma maganin ba sihiri ba ne. A ita Italiyar akwai garin majema da ake kira Santa Croce. Masu majemun suka haɗa kuɗi suka gina matata guda ta kowa, suka gina wata ta kwato kurom. Yadda ake yi kuwa, a ware ruwan kurom daban kada ya gauraya da sauran, a zuba masa magani ya kwanta kamar ƙullu, a tsiyaye ruwan, a narkar da abin da ya kwanta a sake jima da shi. Watau abin da ake zubar mana a rafi kaya ne da aka saya da kuɗin waje, ana iya mayar da shi aiki. Amma a yi hattara da aikin ganin ido. A Dhaka ta Bangaladash kotu ta sa aka yanke wa majemun unguwar Hazaribagh wuta da gas a 2017, aka tura su sabon wuri a Savar, alhali matatar can ba ta gama kankama ba. Aka ceci kogi ɗaya, aka ɓata wani. Saboda haka ranar da aka zo mana da bikin yanke kyalle, mu ba ginin za mu duba ba, launin ruwan da ke fita za mu duba, wata shida bayan an kwashe rumfuna.

'YAN KASUWA, DA KU MUKE

Ku 'yan gwari na 'Yankaba da Rimi da Sabon Gari da sauran kasuwanni, kada ku ce wannan ta 'yan lambu ce. Kayan da ke shigo muku daga Kadawa da Kura da Garun Malam ruwan Tiga suka sha, ba ruwansu da Getsi. Amma in sun hau tebur ɗaya, wa zai bambanta? Ranar da tsoro ya shiga gari, aka ce ganyen Kano dafi ne, mai saye ba zai tsaya tambaya ba, duka zai ƙaurace, mai laifi da marar laifi ku yi asara tare. Ku kuka san dillali, kuka san motar da ta sauke, kuka san lambun da aka yanko. Ba wanda ya fi ku sanin asalin kaya, kuma ba wanda hukuma ke jin tsoron rufe rumfarsa kamar ku. Ƙungiyar da ke iya tashi a kan ƙarin kuɗin rumfa tana iya tashi a kan wannan.

Abin da muke nema ba shi da yawa. A riƙa auna ruwan Getsi da Jakara da Salanta da Challawa, da ganyen bakinsu, kowane wata, a karanta sakamakon da Hausa a rediyo yadda ake karanta farashin hatsi. A auna bakin bututun kowane kamfani, a faɗi wanda ya cika ƙa'ida don a yaba masa, a faɗi wanda bai cika ba. Inda aka tarar ƙasa ta lalace a kafa allo, da rubutun boko da na ajami da hoto, don yarinya mai kwando ta gane. Ɗan lambun da aka ce ya bar wuri a ba shi wani fili, ko a haƙa musu rijiyar burtsatse a auna ruwanta, kuma kuɗin ya fito daga aljihun wanda ya ɓata rafin, kada a ce za a ɗora a kan harajinmu. A auna jinin yaran unguwannin da ke bakin rafukan nan kyauta, yadda aka yi a Zamfara, tun ba a kai ga haƙa rami ba.

Ku kuma iyayenmu mata, kada wannan magana ta sa ku bar ganye, gama yaron da ba ya cin ganye shi ma cuta ke jiransa. Wurin tsinka za a sake. A bar na bakin lambatun kamfani, da na bayan katangarsa ko ya rufe, da na jujin da ake ƙona batura da tarkacen waya, komai kyansa. Na gona da na bayan gari da na tsakar gida shi ne naku. In kin sami mai kyau, bar tushe biyu su yi iri, ki watsa a tsohon buhu ko fasasshen baho da ƙasar gona, ki ba shi ruwan da kike sha. Wanda kika saya ki wanke shi sau uku, ki zubar da ruwan dahuwar farko, wannan yana ragewa ko da bai kawar ba. Ki tambayi mai sayarwa daga ina, ko da zai yi fushi. In masu tambaya suka yi yawa, shi ma zai fara tambayar dillali.

Masu neman kujera kuwa za su zo, ba sa fashi, da ma kasuwa suke fara sauka. Kafin su zo, shugabannin kowace ƙungiya su aiki mutum biyu, su sa leda a hannu, su ɗebo ruwan Getsi kwalba ɗaya, na Salanta kwalba ɗaya, a rubuta rana da wurin da aka ɗiba a jiki, a ajiye a ofishin ƙungiya inda yara ba sa kaiwa. Ranar da baƙo ya zauna, ko na wace jam'iyya ne, har da tamu, a ajiye masa kwalaben a gabansa kafin a ba shi lasifika. A tambaye shi wata da shekarar da za a fara karanta awon ruwan nan a rediyo, da wanda zai biya kuɗin rijiyoyin 'yan lambu. Sakatare ya rubuta amsar a littafin ƙungiya, baƙo ya sa hannu a ƙasa.